Daga Barth Zuwa Voulet: Da Wane Mudu Za Mu Auna Turawan Farko?

Baturen da ya shigo ƙasar nan da alƙalami da takarda tun kafin mulkin mallaka, shin laifinsa ɗaya da wanda ya biyo sawunsa da bindiga? Tambayar ta sake tasowa a Yamai tun watan Oktoba na 2024, lokacin da hukumomi suka sauya sunayen wasu tituna da wurare na birnin. Titin Charles de Gaulle ya koma Djibo Bakary, dandalin Francophonie ya koma na AES, wato ƙawancen ƙasashen Sahel, sannan aka ɗauke hoton kwamandan Faransa Parfait-Louis Monteil daga jikin dutsen tunawa inda ya shekara da shekaru, aka sa na Thomas Sankara a gurbinsa. De Gaulle kowa ya san shi. Monteil kuwa mutane sun daɗe suna wucewa ta gabansa safe da yamma, amma kaɗan ne za su iya faɗa maka abin da ya zo yi.

A fada, wato majalisar masu shan shayi, kafin a sauke shayi na biyu, an rabu gida biyu. Wasu suna cewa duk ɓarayi ne, daga na farkonsu har na ƙarshensu. Wasu suna cewa ai ba don su ba da ba mu san tarihinmu ba, su suka rubuta shi. Kowane ɓangare yana da ƴar gaskiyarsa, sai dai duka biyun kuɗin goro suke yi wa mutanen da halinsu da aikinsu suka sha bamban ƙwarai.

Su wa ake nufi, kuma me suka gano?

A lakwal kalma ɗaya aka koya mana, explorateur, aka zuba mutane iri-iri a cikinta. In aka tankaɗe, kashi uku ne, kuma tsakanin na farko da na ƙarshe akwai shekara ɗari da ƴan kai.

Na farko matafiya ne: Mungo Park ɗan Sikotilan da ya ga kogin Isa a Segu a 1796, Hugh Clapperton da ya sauka a fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, René Caillié Bafaranshe da ya shiga Tambutu a 1828 yana da'awar shi Musulmi ne, da Heinrich Barth Bajamushe da ya yi yawo tsakanin 1850 da 1855. Waɗannan ba su da ƙarfin cin ko ƙauye guda. Da izinin sarakuna suke tafiya, da gaisuwa a hannu, kuma zazzaɓi da atuni sun kashe da yawansu. Kashi na biyu sun ɓullo bayan taron Barlin na 1884 zuwa 1885, inda Turawa suka tsara rabon Afirka: hafsoshin soja ne masu yawo da takardun yarjejeniya a aljihu. Monteil a nan yake. Na uku ayarin yaƙi ne tsagwaronsa, wanda aka laƙaba wa sunan tawagar bincike, irin na Voulet da Chanoine.

Sai batun "ganowa". Kogin da aka ce Park ya gano yana da sunaye tun kafin a haifi kakansa: Joliba a bakin Mande, Isa a bakin Zarma da Sanwai, Kwara a bakin Hausawa. Fatake suna kai da komo tsakanin Kano da Gwanja don goro, ayarin gishiri yana ratsa Tenere zuwa Bilma kowace shekara, alhazai suna kai wa Makka a ƙasa. Ibn Battuta ya biyo ta Takadda a 1353. Clapperton da kansa ya koma gida da taswirar da aka ba shi a fadar Bello. Duk hanyar da Bature ya bi, madugu ne ya nuna masa ita, ɗan rakiya ya kai shi rijiya. Abin da ya ɓace wa mutanen Landan da Paris shi ne inda kogin ya dosa da inda yake faɗawa teku, har sai da ƴan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka bi shi zuwa bakinsa a 1830.

Duk da haka kada mu raina abin da suka yi. Madugu ya san hanyarsa a ka, yana kuma ɓoye ta don sana'arsa ce. Bature ya tattara sanin madugai ɗari, ya auna tazara, ya ƙirga rijiyoyi da kasuwanni da dawakin sarki, ya buga a takarda yadda wanda bai taɓa taka ƙasar ba zai karanta a ofis ya tsara tafiya. Wannan sabon abu ne, kuma makami ne ga wanda ya so ya mai da shi makami.

Mudun da su ma sun sani

Masu kare su sukan ce kada a auna mutumin ƙarni na 19 da mudun yau. To, ba sai mun ari mudun yau ba. Akwai wanda baƙon da mai masaukinsa duk sun san shi tun a wancan lokacin, wato haƙƙin baƙunta. An ba ka ruwa, an ba ka ɗaki, an haɗa ka da ɗan rakiya: me ka yi da hannunka? Ka faɗa wa mai gida gaskiyar wanda ya aiko ka da abin da yake nema? Sannan abin da ka kwasa ka tafi da shi, me aka yi da shi? Tambayar farko nauyinta a wuyan mutumin yake shi kaɗai. Ta ƙarshe kuwa, gwargwadon nisan shekaru, gwargwadon yadda nauyin ke sauka daga wuyansa ya hau na gwamnatin da ta yi amfani da aikinsa.

Park shi kaɗai ya isa ya nuna fuska biyu. A tafiyarsa ta farko ya isa Segu a tsiyace, sarki bai ba shi izinin ƙetarewa ba, ya zauna gindin itace da yunwa har magariba. Wata mata da ke dawowa daga gona ta ɗauke shi ta kai shi ɗakinta, ta gasa masa kifi, matan gidan suka kwana suna kaɗi suna waƙar tausayinsa. Shi ya rubuta wannan, da godiya. A 1805 ya dawo da kuɗin gwamnatin Ingila da sojoji. Damina ta cinye mafi yawansu kafin su kai kogi. Daga Sansandin ya shiga jirgin ruwa da ƴan tsirarun da suka rage, ya ƙudurta ba zai tsaya ko'ina ba, ba zai biya kuɗin wucewa ba, duk kwalekwalen da ya matso sai harsashi. Haka ya gangaro ta gaban inda Tilaberi da Yamai suke a yau, har ya halaka a duwatsun Busa a farkon 1806. Bayan kusan shekara hamsin, da Barth ya bi gaɓar kogin, ya tarar Abzinawa ba su manta da Nasaran da ke harbin mutane daga cikin jirgi ba. Mutum ɗaya ne, kogi ɗaya ne. Abin da ya sauya, a karo na biyu yana da bindigogi.

Kuma kakanninmu ba su kasance sakarkaru ba, kamar yadda wasu masu zafin kishi ke nunawa ba tare da sun lura ba. Da Clapperton ya koma Sakkwato a karo na biyu, an sanar da shi cewa labari ya iso na yadda Ingilishi suka ci ƙasar Hindu: suna zuwa ɗaya-ɗaya, biyu-biyu, har suka yi ƙarfi. Bello ya karɓe wasiƙa da kayan da ya ɗauko don Shehun Barno, saboda ana yaƙi tsakaninsu. A can ya rasu a Afrilun 1827, da cuta, babu wanda ya taɓa shi.

Abdulkarim

Shari'ar Barth ce mafi wuya, shi ya sa na fi son a daɗe a kanta. Gwamnatin Ingila ce ta ɗauki nauyin tafiyar, da manufar buɗe hanyar ciniki da neman hana fataucin bayi. Su uku suka taso daga Tarabulus a 1850. James Richardson ya mutu a 1851, Adolf Overweg a 1852, aka bar shi shi kaɗai. Ya ɗauki sunan Abdulkarim, amma a fadojin da ya zauna an san shi Kirista ne, yana ma muhawarar addini da malamai. Ya iya Larabci tun kafin ya zo, ya koyi Hausa a hanya cikin ayarin Abzinawan Kel Owi, ya ƙara da Barbarci da Fillanci da Sanwai. Ya shiga Agadas a Oktoban 1850, kuma har yau ana nuna gidan da ya sauka a tsohon gari. Ya ga Kano da Kukawa, ya zauna Damagaram, ya wuce Katsina da Wurno da Gwandu, ya ƙetare kogi a Sayi a 1853, ya kai Tambutu inda Shehu Ahmad al-Bakkai ya tsaya masa tsayin daka wata da watanni lokacin da wasu ke neman ransa.

Abin da ya bari, littattafai biyar masu kauri, yana cikin tushen da masana tarihinmu ke komawa gare shi. Farashin gero da wuri, kayan da ke kasuwar Kano, jerin sarakunan Barno, yadda Agadas ta ragu daga girmanta na da, duk ya rubuta. A Gwandu ya sami kwafin tarihin daular Sanwai da malaman Tambutu suka rubuta, ya kwafi sassansa, ya nuna wa Turai cewa mutanen nan suna da rubutaccen tarihi, a daidai lokacin da manyan masanansu ke cewa baƙar fata ba shi da tarihi. Bai ci gari ba, bai ƙona rumbu ba. Ya mutu a 1865, kusan shekara ashirin kafin a zauna teburin Barlin.

To ke nan waliyyi ne? A'a. A ƙarshen 1851 ya bi rundunar Barno zuwa ƙasar Musgu, harin kamun bayi ne, kuma ya san haka. Ya ce don ya ga ƙasar ya bi. Ya ga an kashe maza 170 bayan an kama su, ya rubuta da takaici, amma a cikin sansanin masu harin ya ci ya kwana, kuma ko a Ingila an zarge shi a kan haka. A rubutunsa akwai raini irin na zamaninsa, musamman ga maguzawa. Taswirorinsa kuwa, hafsoshin Faransa da Ingila sun karanta su da kyau shekara arba'in bayan nan.

Ni dai a ganina, wanda ya ɗora wa Barth jinin da ayarin Voulet ya zubar a Ƙonni a 1899 ya yi zalunci, kamar wanda ya kama maƙeri don an yi kisa da wuƙar da ya ƙera tun zamanin kakan mai kisan. Amma wanda ya ce aikinsa ilimi ne zalla ya manta wa ya biya kuɗin raƙuma.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: cikin masu yi masa hidima akwai Dorugu, yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram da aka kama bawa, Overweg ya fanshe shi. Ya bi Barth har Tambutu, ya bi shi har Ingila, a can ya ba da labarin rayuwarsa da abin da ya gani na Turawa da harshen Hausa, aka rubuta aka buga. Wato akwai namu matafiyin da ya je ya "gano" Landan, ya kuma dawo gida ya ƙare rayuwarsa a Kano. Ɗalibai nawa a Yamai ko Tawa suka taɓa jin sunansa?

Monteil: hannu ba jini, takarda da dafi

Ranar 5 ga Agustan 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi, arewa ta Faransa, kudu ta Ingila, ba tare da wani daga cikin masu sa hannun ya taɓa ganin wurin ba. Aka aiko Monteil ya duba abin da aka raba. Ya taso daga Sanigal da Bature ɗaya da ƴan rakiya kaɗan, ya iso Sayi a daminar 1891, ya bi ta Dosso da Argungu ya shiga Sakkwato a Oktoba, ya wuce Kano da Kukawa, ya ƙetare hamada ya fita Tarabulus a ƙarshen 1892. Bai yi yaƙi da kowa a ƙasar nan ba. In da mudun farko kaɗai za a auna shi, zai fita fes.

Matsalar tana tambaya ta biyu. Inda ya sauka sai ya nemi a sa hannu a takarda. Ga sarki, wannan amana ce ta ciniki da zumunci irin wadda aka saba ba baƙin fatake. A Paris kuwa takardar hujja ce da za a ɗora a tebur a ce wa Ingila wurin nan namu ne. Monteil ya san ma'anoni biyun. Mai masaukinsa ɗaya kawai ya sani. Ya kuma kai rahoton cewa kamfanin Ingila da ke iƙirarin riƙe Sakkwato ba shi da wani iko a can, Faransa ta yi ciniki da wannan. Shekara biyu bayan komawarsa aka ba shi runduna ya je yaƙar Samori a hanyar Kong, bai yi nasara ba. Mai alƙalami da mai bindiga, ashe mutum ɗaya ne da riga biyu.

Ga abin da irin waɗannan takardu suka haifa, kuma mutanen Adar su suka fi kowa saninsa a jikinsu. A yarjejeniyar 14 ga Yunin 1898 aka kafa tsinin abin zana da'ira a kan birnin Sakkwato, aka zagaya mil 100, wajen kilomita 160. Abin da ke ciki na Ingila. Da wannan yarjejeniya Ƙonni da Madawa, har da Maraɗi a gabas, a ɓangaren Ingila suka faɗa. Faransawa suka ga hanyarsu daga kogi zuwa Damagaram dole ta kewaya ta Filinge da Tawa, inda rijiyoyi ke da nisa, ayarinsu na shan ƙishirwa. Suka yi ta ƙorafi har 1904, lokacin da ƙasashen biyu suka yi babban sulhu: Faransa ta saki wani tsohon haƙƙinta na masunta a gaɓar Newfoundland, can kusa da Kanada, Ingila kuma ta matsar da iyaka kudu. Aka ƙara gyara a 1906, tawagar Tilho ta bi ta kafa duwatsu. Wato dalilin da ya sa mutumin Ƙonni ke riƙe da sefa, ɗan'uwansa na Illela da ke ƴan kilomitoci yana riƙe da naira, har da kifin wani teku mai ƙanƙara a ciki. Duk ranar da aka rufe iyakar, kamar yadda aka yi a 2019 da kuma 2023, manomin albasa a Galmi ke biyan kuɗin wannan ciniki.

Voulet: hauka ne ko aiki?

A nan babu wata doguwar shari'a. A farkon 1899 hafsoshin Faransa Paul Voulet da Julien Chanoine suka taso daga gaɓar kogi da sojojin Afirka ɗaruruwa da ƴan dako da aka kamo da ƙarfi, da umarnin su kai tafkin Cadi. Ba a ba su guzurin da zai ishe su ba, wato an bar su su ci daga ƙasa. A Sansane Hausa, a watan Janairu, aka kashe mutum 101, har da mata da yara. A Afrilu suka faɗa wa Lugu, garin Sarauniya Mangu. A Mayu suka ci Birnin Ƙonni, suka yi kisan da har yau jikokin waɗanda suka tsira ke ba da labarinsa. Kuma a lokacin garin yana cikin da'irar Ingila, ko a dokar Turawan kansu ba su da hurumin shiga. Wani hafsa, Peteau, da aka kora daga ayarin ya rubuta wa budurwarsa abin da ya gani, wasiƙar ta kai hannun gwamnati, aka turo Kanar Klobb daga Tambutu ya tsayar da su. Klobb ya bi sawunsu ta ƙonannun garuruwa da gawarwaki a rijiyoyi da kan itatuwa. Ranar 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasar Faransa, Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori. Cikin kwana uku sojojinsu suka juya musu baya suka kashe su biyun. Kaburburansu suna Maijirgi.

Daga baya aka ce zafin rana da kaɗaici suka taɓa musu ƙwaƙwalwa. Sai dai Voulet ya riga ya nuna halinsa tun 1896 da ya ci Wagadugu da wuta, kuma wannan ne ya sa aka ga ya dace da aikin. Chanoine ɗan janar ne da ya riƙe ma'aikatar yaƙi a 1898. Sannan ga babbar hujja: ba a mai da ko taƙi ɗaya na abin da suka ci ba. Ragowar ayarin ya ci Damagaram a ƙarshen Yuli, aka ce ramuwar kisan Kyaftin Cazemajou da aka yi a can a 1898, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. Hafsoshi Joalland da Meynier suka ci gaba da ayarin zuwa Cadi, suka haɗu da wasu rundunonin Faransa biyu suka kashe Rabe a Kuseri a Afrilun 1900, dukansu biyu kuma sun kai muƙamin janar. An tsine wa mahaukaci, an riƙe ganimarsa.

Wannan labari shi ne kuma amsar masu cewa "ai zamaninsu ne". Peteau ɗan zamanin ne. Klobb ɗan zamanin ne. A majalisar dokokin Faransa ɗan majalisa Paul Vigné d'Octon ya tashi ya nemi a yi bincike, aka ƙi. Sun san kisan yara laifi ne.

Namu kason

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hannuwan da suka harba bindigogin a Ƙonni galibi na baƙar fata ne, waɗanda aka ɗauko daga ƙasar Bambara da maƙwabtanta, wasunsu tsofaffin bayi, ana biyansu da ganima da mata. Akwai sarautun da suka ga kawance da Nasara ya fi musu, saboda maƙwabci ya dame su da hari. Dosso ta karɓi Faransawa tun 1898. Da ɗan gari akan ci gari. Kuma bautar da Barth ya gani a Musgu ba Bature ya kawo ta ba. Sai a 2003 Nijar ta sa hukunci a kan bauta a dokar laifuka, kuma a 2008 kotun CEDEAO ta kama gwamnatinmu da laifin gaza kare wata mata daga jihar Tawa da aka sayar tana yarinya.

Faɗin wannan ba ya wanke Voulet, ko kaɗan. Amfaninsa shi ne ya hana mu tarihin ƙarya, wanda a cikinsa kakanninmu duka jarumai ne. An yi jarumai: Sarauniya, Alfa Saibu a Kobkitanda da mutanen Karma a 1906, Firhun a 1916, Kawsan da ya tsare Agadas daga ƙarshen 1916 zuwa Maris 1917, da malaman da aka kashe a garin bayan an fasa tsaron. An kuma yi masu lissafin riba.

"Ai sun kawo makaranta da asibiti"

Sun kawo, amma nawa, kuma da gumin wa? Hanyoyin da aka share da gine-ginen hukuma da aikin tilas aka yi su, wanda sai a Afrilun 1946 aka soke shi. Ƙarƙashin dokar indijena, wadda aka keɓe wa ƴan ƙasa, kwamandan yana iya ɗaure mutum har kwana 15 ba alƙali. Lanho, wato haraji, a wuyan kowane baligi, kuma ko a yunwar 1931 da fara ta jawo a yammacin ƙasar ba a daina nemansa ba. Mutane da yawa sun tsere zuwa Najeriya saboda lanho da aikin tilas da ɗaukar soja. Ranar 3 ga Agustan 1960 da aka sami ƴancin kai, bayan shekara sittin, yaran da ke makaranta ba su kai biyar cikin ɗari ba, babu jami'a, babu layin dogo, babu gada a kan kogi a Yamai sai a 1970. Gaskiya ne hare-haren kamun bayi sun tsaya, kasuwannin bayi na fili sun mutu, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda aka saba kama kakanninsa. Amma bashin wannan lissafi na gwamnatin mallaka ne. Park da Barth sun daɗe a ƙasa kafin a buɗe littafin.

Ina ruwan talaka?

Sauya suna ba ya rage kuɗin buhun shinkafa, kuma masu faɗin haka ba su yi ƙarya ba. Amma sunan titi darasi ne da yaro ke karantawa kullum ba malami, kuma babu wata ƙasa da aka wajabta wa ta girmama wanda ya zo auna ta don a raba. A nan ina tare da waɗanda suka cire hoton. Inda nake jin tsoro shi ne a tsaya a nan, a cire Monteil ba a koyar da ko wane ne shi ba, gobe kuma wani ya ce a rushe gidan Barth a Agadas ko a share kaburburan Maijirgi. Waɗannan shaida ne. Mai neman diyya ba ya ƙona takardun shari'arsa.

Kuma maganar diyya ta daina zama hira. Jikokin waɗanda abin ya shafa a Ƙonni da Lugu da sauran garuruwan sun kai kukansu gaban Majalisar Ɗinkin Duniya, Faransa ta ce a shirye take a tattauna, amma ba ta amsa laifi ba. Duk wata da'awa irin wannan da hujja take tsayawa: sunayen garuruwa, ranaku, adadi. Rahotannin hafsoshin suna ajiye a Aix-en-Provence da Vincennes da Dakar, inda ɗalibin jami'ar Abdou Moumouni ko ta Djibo Hamani a Tawa zai buƙaci biza da kuɗin jirgi kafin ya karanta abin da aka yi wa garinsu. Rabin hujjar kuma tana nan gida, a bakin tsofaffin da suka ji daga kakanninsu, da cikin rubuce-rubucen Larabci da ajami da Boubou Hama ya fara tarawa, waɗanda ke cibiyar bincike ta IRSH a Yamai. Tsofaffin nan kowace shekara raguwa suke.

Hoton Monteil kuwa, da ni aka tambaya, gidan tarihi na ƙasa zan ce a kai shi, a kafa shi inda ƴan makaranta ke wucewa, a rubuta a ƙasansa da Hausa da Zarma: ya iso Sayi a 1891, an ba shi masauki, ya tafi lafiya, ya bar takarda. Kusa da shi a rataye taswirar da'irar 1898, yaron Ƙonni ya sa yatsa ya ga ɓangaren da garinsu ya faɗa.